Ɗan Walƙiya da Tsakuwa Goma Sha Biyu

Shafi na 9

Na Mubaraka Moriki

Da sunan Allah nake farawa, Shi kaɗai ya san abin da ke cikin kowane ƙirji.

Masu turo saƙo cewa shafin shekaranjiya ya yi gajarta, na gani, ku yi haƙuri. Ba wani littafi nake kwafa ba. Abin da ya zauna min a ka shi nake rubutawa, wata rana ya zo da yawa, wata rana hannu ya ƙi. Allah ya jiƙan duk wanda muka rasa a hanya.

*

Mairama ta juya takardar, ta sake juyawa. Ta ɗaga ta wajen hasken ƙofa ko za ta ga wani abu da ya ɓoye mata. Ba ta ga komai ba sai layuka da lambobi, wasu an goge an sake rubutawa har wurin ya kusa hujewa. A gefe an zana wani mutum, alkyabba na tashi a bayansa, wuta na fita daga tafin hannunsa.

Rubutun kam ta san shi ko daga barci ta tashi. Na Halilu ne, ƙanenta malamin makaranta, wanda yau Asabar kwana arba'in da uku ke nan da aka tare motarsu a hanyar Moriki.

"Wai wagga takarda ce kunka ce kar a ba mai ƙosai?"

Hafizu da Armiya'u na zaune kan tabarma a bakin ƙofar ɗakin. Abokan Halilu ne tun na firamare. Tuwon da suka ci daga hannunta kafin aure ya kai ta Moriki ba ya ƙirguwa. Ita tana daga ciki, tsakanin buhunan da take ɗura kayan mamacin, don jiya ta iso Kaura ta kwashe ɗakin.

"Ita ce, Yaya," in ji Hafizu. "Ɗan Walƙiya ke nan."

"Wa?"

"Jarumin Halilu."

"Halilu na da jarumi?"

Armiya'u tela ne, har yanzu awon ɗinki na rataye a wuyansa. Ya ce, "Shekara huɗu shina kiwon shi, Yaya. Da tunkiya ce da yanzu ta cika gida."

Ba ta yi dariya ba. Ta dubi zanen, ta dube su.

"Ku yi min da Hausa. Ni aji huɗu na tsaya."

Hafizu ya gyara zama. Ma'aikacin ofis ne, mai magana a hankali kamar yana tsoron kalmomi su zube.

"Kin san tatsuniya? To awa ita ce, sai dai ba mutum guda ke yi ba. Ni ke jan labarin. In ce ga gari, ga wuta ta kama kasuwa, ga mutane ciki. Kowa na da jarumi nashi a takarda. Sai in tambayi Halilu, mi Ɗan Walƙiya zai yi? Shi ce zai tashi sama shi ɗauko su. To ko ya iya ko bai iya ba, lambobin takarda ke faɗi, da ɗan ludo in an jefa."

"Ɗan ludo. Caca ke nan."

"Ba caca ba ce, Yaya."

"To mi ake ci?"

"Gyaɗa," in ji Armiya'u. "Wata rana rake."

Ta sa hannu ta dafe goshi. Malamin makaranta guda, da tela, da ɗan ofis, masu gemu, su zauna kowace Alhamis bayan la'asar suna tatsuniya da rana tsaka. Da wani ne ya gaya mata da ta ce sharri ne. Amma ga rubutun Halilu a hannunta.

"To na ji. Ga takardarku, ku ɗauka."

"Ba ɗauka munka zo yi ba," in ji Hafizu. "Maida shi za a yi."

"A maida shi ina? Daga ina yaz zo?"

Armiya'u ya ciro wani gwangwanin madara daga aljihun rigarsa, ya zazzage shi kan tabarma. Tsakuwa ce, ƙanana, masu santsi, irin na bakin gulbi.

"Kin san Kawu Malam," in ji shi. "Farkon damina ya leƙo zaure ya iske mu muna jefa ɗan ludo. Bai yi faɗa ba. Ya zauna ya karanto muna hadisi, yac ce labari ba laifi, amma wanga ɗan ƙashi mai ɗigo-ɗigo kar shi sake ganin shi gidanshi. Shi ke nan tsohon tsari ya mutu, don shi komai nashi sai an jefa."

"Sai ni da Halilu munka zauna munka tsara sabo," in ji Hafizu. "Ba jifa. Kowane jarumi tsakuwa goma sha biyu, awa 'ya'yan dara. Kowace baiwa da yake da ita, sai ta ci tsakuwa. In sun ƙare, sun ƙare. Halilu da kanshi ya tsinto waɗanga. Kafin a maida takardu, da baki kawai muke jan labarin."

Mairama ta kai hannu ta taɓa guda ɗaya. Sanyi gare ta. Ta janye hannun.

"To ku maida shi mana. Ni mi nawa a ciki?"

"Ba ya shiga, Yaya. Tsohon tsari kullum lamba ƙaruwa take. Ɗan Walƙiya ya tara ɗari da arba'in da wani abu. Nan kuwa goma sha biyu ce, ba ƙari. Dole a zubar da wasu abubuwan."

"Kowa ya zubar," in ji Armiya'u. "Nawa jarumin da shina ɓacewa, shina magana da tsuntsaye, shina shan gulbi shi ƙafe. Yanzu sai gudu da ɗaukar kaya. An maishe min shi ɗan dako."

"To ku zubar wa wanga ma."

Hafizu ya buɗe wani littafin rubutu mai bangon shuɗi, ya juyo mata shi, ya ɗora yatsa kan layi na huɗu. Ta sunkuya ta karanta a hankali, baki na motsi.

Ba mai taɓa takardar wani. In mai ita ba ya nan, sai magajinsa.

"Saboda ni anka yi wagga doka," in ji Armiya'u. "Wata rana Halilu ya tahi alwala na rage wa Ɗan Walƙiya ƙarfi da fensir. Kwana uku bai yi min magana ba."

"Zancen magajin da wasa ya ƙara shi," in ji Hafizu. "Ranar har dariya munka yi."

Can cikin gida wata na daka.

"In na ce ba ni yi fa?"

"Sai shi tsaya inda ya tsaya. Ba zai shiga sabon labarin ba."

"Ya mutu ke nan?"

"A'a. Ba dai za a sake ambaton shi ba."

Wannan maganar ta sauka mata a wani wuri da ba ta shirya ba. Tun ranar addu'ar arba'in ta lura masu gaisuwa sun ɗauke ƙafa. Jiya a mota ba wanda ya kira sunan Halilu. Ko Kawu Malam da ta gaishe shi, marigayi ya ce.

Ta jawo kujera 'yar tsugune ta zauna daf da ƙofa.

"Karanto min."

Hafizu ya karɓi takardar da hannu biyu. Ya fara daga sama. Akwai gani cikin duhu, akwai jin yaren Faransanci, akwai tsallake katanga, akwai wani abu wai riƙe numfashi cikin ruwa. Duk wanda ya karanto sai ta ce, "Mi zai yi da shi?" In sun fara bayani sai ta ƙara rikicewa, don Armiya'u na cewa lamba ashirin ta da daidai take da tsakuwa biyu, Hafizu na cewa ba a lissafa shi haka, ya danganta da abin. Suka kama gardama a gabanta har suka manta da ita.

"Ku dakata," ta ce. "Kaina ya ɗau zafi. Manyan nawa ne?"

"Uku."

"Faɗe su."

Armiya'u ya ware tsakuwa biyar ya tura gefe. "Harsashi ba ya huda shi. Biyar."

Ta daɗe tana kallon biyar ɗin.

Ya ware huɗu. "Tashi sama."

Ya tura ukun da suka rage. "Walƙiya daga tafin hannu. Goma sha biyu ke nan cif."

"To ai kun gama. Mi kunka kira ni in yi?"

Hafizu ya dubi Armiya'u, Armiya'u ya dubi farcen ƙafarsa.

"Akwai na ƙasa," in ji Hafizu. "Gara ki karanta da kanki."

Ta karɓi takardar. A can ƙasa akwai wani ɗan akwati da aka zana da biro, an rubuta RAUNI a samansa. Ta bi layin da yatsa.

Kiran Yaya. Duk inda yake zai ji. In ya ji, dole ya tafi.

Ta sake karantawa. Ta karanta na uku.

Ta tuna ranar, Alhamis ce. Ruwan da aka kwana ana yi ya rushe mata bangon ɗaki na gabas, maigidanta ya tafi Shinkafi da awaki, ga yara, ga kaya cikin laka. Ta kira Halilu. Ba ta yi niyyar kuka ba, amma da ta ji muryarsa kukan ya zo. Ya ce ta yi haƙuri, Asabar yana nan tafe. Asabar ya ce, da kunnenta ta ji. Amma Juma'a da sassafe ya shiga mota. Kwana arba'in da uku tana tambayar kanta me ya sa ya matso da tafiyar, kuma amsa ɗaya take samu. Kukan nan ne. Da ta daure ta yi magana kamar babba, da ya zo Asabar, ranar da motoci suka yi ta wucewa lafiya.

"Rauni," ta ce. "Ashe shi ma ya sani."

"Ba haka ba ne, Yaya."

"Ga shi an rubuta. Ko shi ma na karanta ba daidai ba?"

"Tsohon tsari ne haka. In ka yarda jaruminka na da rauni, sai a ƙara maka lamba ka sai wata baiwa. Da wanga ya samu tashi sama."

"A ba ka lada don kana da ciwo?"

"Kusan haka."

"Wanga wane irin wasa ne."

"Shi ya sa munka rasa inda za mu sa shi," in ji Hafizu. "Sabon tsari ba akwatin rauni. Mun yi ta gardama. Mutum shi ji murya tun daga Moriki shina Kaura, ba waya, wanga ai baiwa ce. Baiwa kuwa tsakuwa take ci. Uku."

Mairama ta dube shi kamar ya yi mata yaren Faransancin da ke cikin takardar.

"Jiya ciwo ne, yau baiwa?"

"Tsarin ne ya canza."

"Abin fa?"

"Abin shina nan yadda yake."

"Kuma tsakuwa ta ƙare."

"Ta ƙare."

"To ai magana ta yi sauƙi." Ta miƙa hannu. "Ba ni abin gogewa."

Armiya'u ya laluba aljihu ya ciro ɗan guntun magogi, amma bai miƙa ba.

"Ba ni, Armiya'u. Ba kun ce ni ce magajiya ba? A cire mishi. Ko cikin tatsuniya shi huta da ni. Da wanga kiran na kashe shi. Asabar yac ce min, na yi mishi kuka awa ƙaramar yarinya, ya kasa barci ya taso Juma'a. Ban taɓa faɗa wa kowa ba, ko maigidana. Yau na faɗa. Ba ni."

Ya miƙa mata. Ta ɗora takardar kan gwiwa, ta sa magogin a kan harafin farko.

"Ba kukanki ba ne."

Hafizu ne. Kansa na ƙasa.

"Mi kac ce?"

"Ba kukanki ne ya taso shi Juma'a ba. Ni ne."

Hannunta ya tsaya.

"Muna cikin wasa kika kira. Ya fita ya amsa, ya dawo yac ce bango ya faɗi, Asabar zai tahi Moriki. Asabar ɗin kuwa ita munka sa za mu zauna mu maida takardun kowa sabon tsari. Wata biyu ina jiran ranar. Sai nac ce mishi shi tahi Juma'a da safe, shi kwana, shi dawo Asabar da hantsi. Yac ce ba ya son tafiya kafin masallaci. Na matsa."

Ya ci gaba, kansa na ƙasa.

"Nac ce mishi, kullum Yaya, kullum Yaya, mu sai yaushe za ka ba mu rana guda? Sai ya yi dariya yac ce to, Juma'ar."

Mairama ta dube shi. Maganar ta shiga kunnenta amma ta rasa wurin zama.

"Saboda tsakuwa?"

"Saboda tsakuwa, Yaya."

"Ni na kai shi tasha," in ji Armiya'u. Wasan da ke bakinsa duk ya tafi. "Mota biyu ke lodi. Shi ta baya ya nufa, don akwai wani ɗalibinshi ciki. Nac ce mishi shiga ta gaba, ta fi sabbin taya. Ta bayan ta tsaya shan mai, labari ya iske su, sunka juyo."

Ta dubi wannan, ta dubi wancan. Ta yi zaton in wata rana aka ce mata ba ita ba ce, za ta ji sanyi. Ba ta ji ba. Abin da ta ji ya fi kama da a zo har ɗakinka a ce kayan da kake ta goyo ba naka ba ne, a miƙo hannu. Kwana arba'in da uku tana kwana da shi tana tashi da shi. Yanzu in ta sauke, me za ta riƙe?

Sai fushi ya zo, shi ma bai san wa zai kama ba.

"Kun zo gaisuwa," ta ce. "Kun ɗau makara. Kai Hafizu kai ka riƙa raba ruwa. Kuna kallona ina faɗuwa ana tada ni. Ba wanda ya buɗe baki."

"Ba mu san kina ɗora wa kanki ba."

"Da kun sani fa?"

Hafizu ya kau da kai.

"Da kun sani fa, nac ce."

"Ban sani ba, Yaya. Wallahi ban sani ba. Kullum sai na taso zan kira ki, in ajiye wayar. Shi ya sa na nace a kan takardar. Na ce in kika zo kika zauna, wataƙila bakina shi buɗe."

"To yanzu wa ya kashe shi? Ni da na kira, ko kai da ka matso da rana, ko wanga da ya zaɓi taya?"

"Waɗanda sunka tare hanya," in ji Armiya'u a hankali. "Da kwana da ya ƙare."

"Na san wanga karatun. Kowa ya yi min shi." Ta share fuska da gefen hijabi. "Ashe raba shi munka yi awa gado, kowa ya ɓoye kasonshi."

Dakan cikin gida ya tsaya. Wata akuya ta leƙo tsakar gidan ta koma.

Mairama ta dubi takardar. Magogin ya ɗan ci kan harafin farko, amma ana iya karantawa.

"Ku gaya min gaskiya, kar ku lallashe ni. Ya taɓa cewa na dame shi?"

Hafizu ya buɗe baki, Armiya'u ya riga shi.

"Shina cewa."

"Armiya'u," in ji Hafizu.

"Gaskiya tac ce. Shina cewa, Yaya. In waya ta yi ƙara sai shi ce, wagga mata ba ta barin mutum shi ci gyaɗa. Shina faɗi shina neman takalmi."

Wani abu ya fito daga maƙogwaronta, ita kanta ba ta san dariya ce ko kuka ba.

"Tsohon littafin na da jerin rauni," in ji Hafizu. "Tsoron ruwa, tsoron wuta, ƙarfe, maciji, sun fi talatin. Ya karanta duka yac ce ba nashi ciki. Shi ya rubuta wanga da hannunshi. Kuma bara ya tara lambar da za ta isa shi cire raunin gaba ɗaya, doka ta yarda. Ni da kaina na tuna mishi."

"Sai yac ce mi?"

"Yac ce a bar mishi abinshi."

"Lambar fa, mi ya yi da ita?"

"Ya ƙara wa alkyabba tsawo," in ji Armiya'u. "Ni na zana ƙarin. Duba, fensirin ya bambanta."

Ta duba. Gaskiya ne, daga tsakiyar alkyabbar zuwa ƙasa zanen ya fi duhu.

Ta ajiye magogin kan tabarma. Ta daɗe tana kallon tsakuwar nan kashi uku. Har yanzu ba ta gane wasan ba. Ba ta gane yadda ɗari da arba'in ke komawa goma sha biyu ba, ba ta gane yadda ciwo ke zama baiwa don an canza littafi ba. Amma ta san rabon abu kaɗan ga baki da yawa, wannan kam tun tana budurwa take yi.

Ta nuna biyar ɗin. "Wanga na harsashi, kar wanda ya sa mishi hannu."

"To."

Ta nuna huɗun. "Wanga ma a bar shi. Hanya ba ta da kyau, shi riƙa bi ta sama."

Ta sa yatsa ta jawo ukun da suka rage, ɗaya bayan ɗaya, ta kawo su gabanta.

"Waɗanga na kiran ne."

Armiya'u ya ɗago. "Yaya, walƙiyar ke nan kika cire."

"Na sani."

"Ɗan Walƙiya ba walƙiya?"

"Halilu ma sunan kakanmu ne, ai bai zo da gemun ba. Rubuta, Hafizu."

Hafizu ya ciro sabuwar takarda, fara tas, da layi uku kacal. Ya rubuta na farko, ya rubuta na biyu. A na uku ya rubuta, Kiran Yaya, duk inda yake zai ji. Sai fensirin ya tsaya.

"Mi ya faru kuma?"

"Sauran rabin layin. In ya ji, dole ya tafi." Ya dubi Armiya'u. "Dolen nan ta rauni ce. Rauni ne ke tilasta mutum. Baiwa kuwa mai ita ke zaɓar yadda zai yi da ita. Ban sani ba ko dolen na biyo shi sabon tsari ko tana tsayawa a tsohon."

"Littafinku bai faɗa ba?"

"Ba mu kai nan ba. Ranar Asabar ɗin za mu yanke."

"To ku yanke yanzu. Yau ma Asabar ce."

"Ba a yanke irin wanga da baki, Yaya," in ji Armiya'u. "Sai cikin labari. Abin da mai takarda ya yi karon farko, shi ke zama doka."

"Wane labari kuma?"

"Wanda ya tsaya ranar Alhamis."

Hafizu ya rufe littafin shuɗin. Da ya sake magana, muryarsa ta canza, ta yi ƙasa, ta yi faɗi. Mairama ba ta taɓa jin ta haka ba.

"Gulbi ya cika ya kawo. Gada ta tsage daga tsakiya, ga mutanen ƙauye a kai, da yara, da tsofaffi, suna gudun ruwa. Ɗan Walƙiya ya shiga ƙarƙashi ya tallabe ta da kafaɗa. Rabin mutane sun ƙetare, rabi na kai." Ya dakata. "Daidai nan wayarki ta shigo. Al'adarmu kuwa, in Yaya ta gaske ta kira, ta cikin labari ma ta kira. Halilu ya fita ya amsa. Da ya dawo munka yi maganar da na gaya miki, anka kira magariba, munka tashi."

"Wato tun ranar..."

"Shina ƙarƙashin gada, Yaya. Kwana arba'in da huɗu. Kiran na cikin kunnenshi."

"In ya saki?"

"Akwai mutane a kai."

"In bai tahi ba?"

"Ba mu san abin da ya samu Yayar ba. Halilu kaɗai ya ji muryar."

Armiya'u ya tattara tsakuwar goma sha biyu, ya zuba mata a tafin hannu. Sun yi ɗumi yanzu. Ta dubi sabuwar takardar da rabin layinta, ta dubi tsohuwar, inda alkyabba ke tashi.

"Ni ban iya wasan ba," ta ce.

"Ba a iyawa. Faɗa kawai ake yi."

Hafizu ya ɗora fensirin a ƙarshen layi na uku, bai rubuta komai ba. Ya ɗago ya dube ta, karon farko tun da suka zauna.

"Yaya na kira," ya ce. "Mi Ɗan Walƙiya zai yi?"

Mairama ta dunƙule hannu a kan tsakuwar.